Kwaɗon Archey

Kwaɗon Archey, wanda masana ke kira Leiopelma archeyi, ɗan ƙaramin kwaɗo ne da ba a samunsa a ko'ina sai a Tsibirin Arewa na ƙasar Niyu Zilan, musamman a duwatsun Coromandel da dajin Whareorino. An raɗa masa wannan suna a 1942 don girmama Gilbert Archey, masanin dabbobi da ya shugabanci gidan tarihi na Auckland.

Macen ta fi namijin girma, amma ita ma tsawonta bai wuce milimita 37 ba. Jikinsa dabbare-dabbare ne na kore da ruwan ƙasa, wanda ke sa ya saje da gansakuka da ruɓaɓɓen ganye har mai nema ya wuce shi bai gani ba. Ba shi da fatar kunne a waje, ba ya kukan nan da aka san kwaɗi da shi, kuma babu fatar iyo tsakanin yatsunsa, domin rayuwarsa duka a tudu take, cikin dazuzzukan tsauni masu hazo da laima. Da rana yakan lafe ƙarƙashin dutse ko kututture, sai dare ya yi ya fito farautar ƙananan ƙwari.

Haihuwarsa ita ce abin da ya fi jan hankali. Macen ba ta zuba ƙwai a kududdufi. Tana ajiye 'yan ƙalilan a wuri mai danshi ƙarƙashin icce ko dutse, sai namijin ya kwanta a kansu yana gadi na tsawon makonni. Talibambam ɗin yana girma ne a cikin ƙwan, kuma idan 'ya'yan suka ƙyanƙyashe, da sauran wutsiyarsu, sai su haye bayan uban, ya goya su har su gama rikiɗa. Kwaɗo ne mai tsawon rai, yana iya haura shekara 30.

Wannan jinkirin hayayyafa shi ya sa duk asarar da ta same shi take da wuyar mayarwa. Ɓerayen da mutane suka shigo da su tsibirin suna cinsa, sannan tsakanin 1996 da 2001 yawansa ya ragu da kusan kashi 88 cikin 100 a wani yankin Coromandel da ake sa ido a kai, abin da ake dangantawa da cutar fata ta naman gwari mai suna kitirid. A yau yana cikin jinsunan da ke dab da ƙarewa.