Direban Ethernet a cikin butloda

Direban Ethernet na butloda shi ne ɓangaren manhajar tayar da na'ura da ke sarrafa kayan sadarwar kebul na allon lantarkin na'urar tun kafin babbar manhaja, irin su Linux, ta tashi. Ana samun sa a na'urori masu kwamfuta a ciki, kamar rauta, kyamarar tsaro, injinan masana'anta da allunan gwaji. A ido aikinsa kaɗan ne: ya tayar da guntun sadarwa, ya aika fakiti (ƙunshin bayanai), ya karɓi fakiti, sannan ya kashe komai kafin a miƙa ragama. Da shi ake sauko da kenel, wato zuciyar babbar manhaja, daga saba ta hanyoyin ɗauko fayil na TFTP ko NFS, da shi ake zuba manhaja a sabbin alluna a masana'anta, da shi kuma ake ceto na'urar da abin da ke cikin filash ɗinta ya lalace. Yawancin bayanin nan ya shafi butlodar da ake kira Das U-Boot, domin ita ta fi yaɗuwa, tarihinta kuma a buɗe yake.

Tarihi

Asalin U-Boot wata 'yar manhaja ce mai suna 8xxROM da Magnus Damm ya rubuta don furosesocin PowerPC. Wajajen ƙarshen 1999 Wolfgang Denk, na kamfanin DENX da ke Jamus, ya ɗauki aikin ya sa masa suna PPCBoot, aka fara fitar da shi a 2000. A Nuwamba 2002, bayan an haɗa shi da reshen ARMBoot, sunan ya koma U-Boot. Tun 2012 Tom Rini ke riƙe da ragamar aikin.

A farkon zamanin, allo ɗaya direba ɗaya ne. Direban da kansa yake ayyana eth_init, eth_send, eth_rx da eth_halt, don haka ba a iya haɗa biyu a gini ɗaya: sunayen za su yi karo. Allunan da ke da kafar sadarwa fiye da ɗaya ne suka jawo zaɓin CONFIG_NET_MULTI, inda kowane direba ke cike tsarin eth_device ya yi rajista ta eth_register. Hanyoyin biyu sun yi shekaru suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai a 2011 aka cire tsohuwar. A shekarar ce kuma aka shigo da phylib, tarin manhajar sarrafa PHY (guntun da ke haɗa allo da kebul) da aka aro daga Linux. Kafin zuwansa kowane direba yana ɗauke da nasa lissafin tattaunawa da PHY, kuskure ɗaya ya maimaitu a fayil goma, a gyara a ɗaya a manta da tara.

Canji mafi girma shi ne tsarin direbobi na bai-ɗaya da Simon Glass ya jagoranta, wanda ya shiga a 2014. A 2015 Joe Hershberger ya kawo ɓangarensa na sadarwa, CONFIG_DM_ETH. Daga nan bayanin allo ya bar fayilolin C ya koma bishiyar na'urori, wato fayil da ke bayyana kayan da ke kan allo: adireshin rajistoci, agogo, layin risat da nau'in haɗin PHY duk daga can ake karanto su. An sa fitowar 2020.07 a matsayin wa'adin ƙaura. Wa'adin ya wuce da alluna da dama ba su ƙaura ba, ginin nasu yana ta buga gargaɗi, har aka riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya. An share ragowar tsohon tsarin tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023. A daidai wannan lokaci TCP da umarnin wget da IPv6 suka shigo.

Barebox, wata butloda wadda Sascha Hauer na Pengutronix ya fara wajajen 2007 da sunan U-Boot v2 kafin a canza mata suna a 2009, ta bi salon direbobin Linux tun daga tushe.

Tsarin aiki

Kayan Ethernet kashi biyu ne. MAC yana cikin guntun furosesa, shi ke harhaɗa fakiti yana ɗauko su daga RAM ta DMA, wato kai tsaye ba tare da bi ta furosesa ba. PHY yawanci guntu ne daban a kan allo, shi ke mayar da bit siginar da ke bin kebul. Layin bayanai tsakaninsu MII ne ko RMII ko RGMII ko SGMII, layin umarni kuma MDIO, mai waya biyu.

U-Boot ba ta amfani da katsewa, wato siginar da guntu ke tsayar da furosesa da ita, wajen sadarwa. Madaukin net_loop ne ke zagayawa yana leƙa direba ko fakiti ya iso. Wannan ya sa idan allo yana zaune a wurin karɓar umarni ba ya amsa ping daga waje, abin da ke rikita sabbin shiga su ɗauka direban ne ya mutu, alhali lafiyarsa lau. Kafar tana aiki ne kawai muddin wani umarni irin dhcp, tftpboot ko ping yana gudana.

Direba yana cike tsarin eth_ops. Aikin start ya shirya zoben DMA, wato jerin katunan da ke nuna wa DMA mazuban fakiti, ya jira PHY ya kama layi. Aikin send ya aika fakiti ɗaya ya jira ya fita. Aikin recv ya dawo da tsawon fakiti da wurin da yake, ko -EAGAIN idan babu kome. Aikin free_pkt ya mayar wa DMA mazubin da aka gama da shi, stop kuma ya tsayar da injin. Akwai write_hwaddr da read_rom_hwaddr don adireshin MAC, lambar da ake gane kafar da ita a sadarwa. Ana kiran start da stop a kowane umarni, saboda haka duk ƙwaƙwalwar da aka ware a start ba a sake ta a stop ba, za ta taru har malloc, mai ware ƙwaƙwalwa, ta gaza. Wurin ware ta shi ne probe, aikin fara shirya direba, wanda ake kira sau ɗaya. Mazuban karɓa na asali guda 4 ne, kowanne bayit 1536.

DMA da kash

A nan mafi munin kurakurai suke. A yawancin furosesocin ARM na ƙananan na'urori, DMA ba ya ganin abin da ke cikin kash (ƙaramar ƙwaƙwalwa mai sauri da ke cikin furosesa), furosesa kuma ba ya sanin DMA ya canza RAM. Direba ne zai daidaita su da hannu, kuma jerin matakan yana da muhimmanci. Wajen aikawa, a rubuta fakiti, a kira flush_dcache_range a kan mazubin, sannan a ɗaga bit na mallaka, mai nuna an miƙa wa DMA katin, a katin bayanin DMA, a tura katin shi ma zuwa RAM, sai a zaburi injin. Wajen karɓa, a kira invalidate_dcache_range a kan katin kafin a duba bit ɗin, a sake kiransa a kan mazubin kafin a karanta.

Kash ba ya aiki da bayit ɗaya-ɗaya, layi yake ɗauka gaba ɗaya: bayit 32 a Cortex-A9, 64 a Cortex-A53. Katin bayani kuwa sau da yawa bayit 16 ne. Ke nan kati huɗu na iya zama a layi ɗaya mai bayit 64. Idan direba ya gyara kati na farko ya tura layin, zai tafi da tsohon kwafin sauran ukun, ya shafe abin da DMA ya rubuta a cikinsu a tsakanin. Fakiti ya iso amma katinsa ya koma kamar babu kome, zoben ya tsaya cak. Magani uku aka saba: a shimfiɗa kowane kati a layinsa ta ARCH_DMA_MINALIGN, a yi amfani da rajistar tsallake tazara idan MAC ɗin yana da ita, ko a ajiye katunan a ƙwaƙwalwar da kash ba ya taɓawa.

Akwai wani tarko mai kama da wannan a free_pkt. Wasu sassan tsarin sadarwa, kamar amsa ping, sukan yi rubutu a cikin mazubin karɓa. Idan aka mayar wa DMA mazubin ba a share layukan ba, daga baya kash zai zubar da su a kan sabon fakiti. Irin wannan ba ya bayyana a ƙaramin gwaji. Sai fayil mai megabayit ashirin ya sauka da jimillar tantancewa da ba ta dace ba. Gwajin gaggawa shi ne umarnin dcache off: idan matsalar ta ɓace, an san inda ɓarawon yake.

U-Boot tana kwashe kanta zuwa saman RAM bayan ta tashi, mazubanta kuma suna bin ta. A allo mai RAM da ya haura iyakar gigabayit 4, MAC mai adireshin bit 32 ba zai kai can ba sai an tsare mazuban a ƙasa.

PHY da lokaci

MDIO na sashe na 22 a ƙa'idar IEEE 802.3 yana da adireshi 32, kowane PHY da rajista 32 masu bit 16, agogonsa kuma bai kamata ya wuce megahaz 2.5 ba. Rajista ta 2 da ta 3 ke ɗauke da lambar shaidar guntu. Idan umarnin mii info bai ga kome ba, ko karatun ya dawo 0xffff, babu mai amsawa: ko adireshin ba daidai ba ne, ko PHY yana riƙe a risat, ko agogonsa bai tashi ba, ko an yi masa magana da wuri. Guntu da yawa suna karanta adireshinsu daga ƙafafunsu a daidai lokacin da aka saki risat, sannan suna buƙatar 'yan milisakan kafin su amsa. A bishiyar na'urori reset-assert-us da reset-deassert-us ke riƙe da waɗannan lokuta.

Bit na 2 a rajista ta 1, mai nuna an kama layi, yana maƙalewa a sifili idan layin ya taɓa yankewa, sai an karanta sau biyu ake samun halin yanzu. Jiran sasantawar gudu a U-Boot milisakan 4000 ne a asali, wasu suwic kuma sukan wuce haka.

RGMII a gudun gigabit yana tafiya da agogon megahaz 125, yana ɗaukar bayanai a hawa da saukar bugu. Dole agogon ya yi jinkirin kusan nanosakan 1.5 zuwa 2 a kan bayanai. Jinkirin na iya fitowa daga tsawon layin allo, daga MAC, ko daga PHY, kuma phy-mode na bishiyar na'urori ne ke faɗa: rgmii, rgmii-id, rgmii-rxid ko rgmii-txid. In an saka sau biyu ko ba a saka ba sam, alamar ɗaya ce: fitilar layi tana ci, megabit 100 yana aiki saboda agogonsa megahaz 25 ne kawai, gigabit kuma fakitoci na zuba. A fuskar kwamfuta, lokacin sauko da fayil ta TFTP, ana ganin harafin T yana kutsawa tsakanin alamun #, kowane T jiran da ya ƙare ba amsa.

Adireshin MAC

Bayit 6 ne. Yana iya fitowa daga ethaddr a muhallin butloda, daga bishiyar na'urori, daga EEPROM ko fiyus na guntu. Idan na muhalli ya saɓa da na guntu, na muhalli ke rinjaye, a buga gargaɗi. CONFIG_NET_RANDOM_ETHADDR na ƙirƙiro adireshi a kowane tashi idan ba a sami wani ba, wanda ya dace da teburin gwaji kawai. Alluna biyu masu adireshi ɗaya a suwic ɗaya sukan riƙa ƙwace wa juna fakiti.

Miƙa ragama

Dole DMA ya tsaya kafin a shiga kenel. Idan stop bai kashe karɓa da gaske ba, duk fakitin yayatawa da ya gifta zai sauka a ƙwaƙwalwar da yanzu ta zama ta Linux, kenel ya faɗi nan da can, a cibiyar sadarwa mai cunkoso kawai. Tutar DM_FLAG_ACTIVE_DMA tana sa a cire direban kafin miƙawa.

Kulawa da sabuntawa

Direbobi kaɗan ne ke ɗauke da alluna masu yawa, domin kamfanoni daban-daban suna sayen zanen MAC ɗaya. Fayil designware.c da dwc_eth_qos.c na zanen Synopsys ne, macb.c da zynq_gem.c na Cadence, fec_mxc.c kuma na dangin i.MX. Faci, wato canjin manhaja, da ya gyara allo ɗaya na iya karya ashirin da mai facin bai taɓa riƙewa ba. Don haka ake ware bambancin kowane guntu a bayan kalmar compatible ta bishiyar na'urori, maimakon tara #ifdef a tsakiyar direba.

Ana fitar da U-Boot sau huɗu a shekara, a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, da ɗan lokacin karɓar sabbin abubuwa a farkon kowane zagaye. Kafin aika faci, checkpatch.pl na duba salo, get_maintainer.pl na nuna masu kula da fayil, buildman na gina alluna da yawa ya nuna wanda ya karye ko ya ƙara nauyi. Nauyin ba wasa ba ne ga SPL, matakin farko da ke zama a ƙaramin SRAM. Ginin sandbox da QEMU, masu kwaikwayon allo a kwamfuta, suna gwada tsarin sadarwa, amma ba sa kama kuskuren kash ko na RGMII. Wannan sai allo na gaske: ping, dhcp, sauko da babban fayil sau da yawa a kwatanta crc32, a gudu 10 da 100 da 1000, a tashi mai sanyi da mai ɗumi, da kebul a cire sannan a mayar. Idan abin da ke aiki da can ya daina, git bisect ke gano facin da ya jawo.

Kwafo direba daga Linux hanya ce da aka saba, lasisin GPL na 2 ya yarda. Ana zubar da katsewa, layukan aikawa masu yawa da sarrafa wuta, a bar jerin shirya rajistoci da gyaran kurakuran guntu. Rassan da masu ƙera guntu ke riƙewa a gefe sukan tsaya a tsohuwar fitowa, kuma gwargwadon daɗewarsu gwargwadon wahalar dawo da direbobinsu cikin babban reshe.

Girman tubalin TFTP na asali bayit 512 ne; U-Boot tana neman 1468, wanda ke cika fakitin bayit 1500 daidai. Wuce haka na buƙatar haɗa gutsattsarin IP.

Tsaro

Butloda tana gudana da cikakken iko, ba kariyar ƙwaƙwalwa. An bayyana ramuka a ɓangaren NFS na U-Boot a 2019, da a haɗa gutsattsarin IP a 2022. Direba da bai duba tsawon fakiti da girman mazubi ba yana buɗe irin wannan ƙofa.

lwIP

Daga fitowar 2025.01 ana iya gina U-Boot da lwIP, tsarin sadarwar da Adam Dunkels ya fara a Suwidin, a madadin na gida. Masu goyon baya suna kawo hujjar TCP da ya nuna da kuma HTTPS, masu ɗari-ɗari suna kawo girman gini da umarnan da ba a kammala ƙaurar da su ba. Direbobin ba su canza ba, duka tsarin biyu eth_ops suke kira.