Awon aikin ƙwayoyin gado don hasashen makomar sankarar mama

Awon aikin ƙwayoyin gado gwaji ne da ake yi wa tsokar ƙarin sankara domin a ga waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki fiye da kima, waɗanne kuma suka yi sanyi. Duk ƙwayar da ke aiki tana fitar da saƙo mai suna RNA, kuma yawansa ake aunawa. Ƙari biyu kan yi kama a madubin likita, amma ɗaya ya dawo bayan fiɗa, ɗayan kuwa ya tafi ke nan.

A 2002 masu bincike a Amsterdam ta ƙasar Holan suka ware ƙwayoyin gado 70 masu nuna haɗarin yaɗuwar ciwon. Daga nan gwajin MammaPrint ya fito. Wani gwajin kuwa, Oncotype DX, ƙwayoyin gado 21 yake dubawa, 16 na sankarar, 5 na daidaita awo, ya ba da maki daga 0 zuwa 100 masu nuna haɗarin dawowar ciwon. Binciken TAILORx na 2018, mai mata sama da 10,000, ya nuna cewa matan da suka haura shekara 50 masu maki 11 zuwa 25 ba sa ƙaruwa da shimiyo, wato ƙarin ruwan kashe ƙwayoyin sankara. Maganin toshe homon, wato sinadarin jiki da ke sa irin wannan ƙari girma, ya ishe su.

Sai dai ba kowace mara lafiya gwajin ya shafa ba. An fi amfani da shi ne don ƙarin da aka kama da wuri, mai amsa homon, marar yawan HER2, wato wani furotin da ke hanzarta girman ƙari. A Afirka ta Yamma mata da yawa kan zo asibiti bayan ciwon ya yi nisa, kuma nau'in da ba ya amsa homon ya fi yawa fiye da Turai.

Wurin da aikin ya fi lalacewa shi ne adana tsokar, domin RNA ba ta da juriya. Dole a sa tsokar cikin fomalin, wato ruwan hana ta ruɓewa, mai kashi 10 cikin 100 kafin awa ɗaya da cirewa, ta zauna awa 6 zuwa 72, sannan a daskarar da ita a kakin farafin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Damagaram, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, Yamai kuma na da nisan kilomita kusan 900. Kwalbar da ta yi mako a hanya, fomalin ya riga ya daddatsa RNA ɗin, sai ɗakin awo ya ƙi samfurin ko makin ya fito ba abin dogaro ba.