Auna girma da cunkushewar manyan duniyoyi masu kewaya wasu taurari

Yawancin duniyoyin da ke kewaya wasu taurari ba a ganinsu kai tsaye, domin hasken tauraron yana danne su. Daga abin da suke yi wa tauraron ake gane faɗinsu da nauyinsu. Idan aka raba nauyin da girman jikin, sai a sami cunkushewa, wato giram nawa ke cikin kowane sentimita kubik.

Ana samun faɗi ne lokacin da duniyar ta gifta gaban tauraronta, haskensa ya ɗan ragu. Ragin daidai yake da rabon faɗin duniyar da na tauraron idan aka ninka shi da kansa. Jufita zai rage hasken Rana da kusan kashi 1 cikin 100. HD 209458 b, wadda aka fara ganin giftawarta a 1999, tana rage kusan kashi 1.5 duk bayan kwana 3.5, abin da ya nuna faɗinta ya kai ninki 1.4 na Jufita.

Nauyi kuwa daga rawar tauraron ake ciro shi. Duniyar tana jan tauraron gaba da baya, layukan da ake gani idan aka rarraba haskensa zuwa launuka suna gocewa zuwa shuɗi ko ja. Saurin rawar tauraron da HD 209458 b ke kewayawa yana kaiwa mita 85 a daƙiƙa, wanda ya ba da nauyin kusan 0.7 na Jufita. Giftawa ce ke nuna karkatar zagayen, wadda sai an san ta ake samun ainihin nauyin. In babu ita, kamar a 51 Pegasi b da aka gano a 1995, mafi ƙarancin nauyi kawai ake samu.

Cunkushewar HD 209458 b ta tsaya wajen giram 0.35, alhali Jufita na da 1.33. Zafin tauraron da ke kusa ne ake dangantawa da wannan kumburi.

Kuskure ya fi shigowa ta faɗin tauraron, domin daga shi ake ciro faɗin duniyar. Girman jiki yana bin faɗi sau faɗi sau faɗi, don haka kuskuren kashi 5 a faɗi kan zama kusan 15 a cunkushewa. Gefen tauraro ya fi tsakiyarsa duhu, tabo a jikinsa yana canza zurfin ragin, tauraron maƙwabci kuma yakan gauraya haskensa ya sa duniyar ta zama kamar ƙarama. Taurari biyu masu rufe juna ma kan yi kama da giftawa, sai an auna rawar tauraron kafin a tabbatar.