Waiwaye: Filin jirgin Agatti da murjanin da ke riƙe da shi

Tun farkon 2024, lokacin da hotunan ziyarar firaministan Indiya a tsibiran Lakshadweep na ƙasarsa suka cika intanet, cacar baki kuma ta ɓarke tsakanin Indiya da Maldibs kan masu yawon buɗe ido, ake ta muhawara kan filin jirgin saman Agatti, ɗaya daga cikin tsibiran. Wasu na cewa a tsawaita shi manyan jirage su riƙa sauka, a kuma gina wani a tsibirin Minicoy. Wasu na cewa ƙasar wurin ba za ta ɗauka ba. Mai sauraro sai ya zaci jiya aka fara maganar, alhali ta daɗe.

Tsibirai 36 ne a tekun Arabiya, goma kacal ke da mutane, faɗinsu duka bai wuce murabba'in kilomita 32 ba. Ƙidayar 2011 ta sami mutum 64,473, fiye da kashi 96 cikin ɗari Musulmi, galibi masunta da manoman kwakwa. Sun zauna ƙarƙashin sarakunan gaɓar Malabar ta kudu maso yammacin Indiya, sannan Turawan Ingila, a 1956 suka koma hannun gwamnatin tsakiya kai tsaye. A 1988 aka buɗe filin Agatti, kimanin kilomita 460 daga birnin Kochi da ke gaɓar Indiya, a kan siririyar wutsiyar tsibirin ta kudu. Titin saukarsa mita 1,200 ne da 'yan kai, ruwa dama, ruwa hagu. Ƙananan jirage masu farfela kawai ke iya sauka, kuma har yau shi kaɗai ne filin jirgin sama a duk tsibiran.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 1998, kuma a ganina daga nan maganar ta canza. A shekarar, yanayin El Nino ya ɗumama ruwan teku fiye da yadda murjani zai iya jurewa. Murjani abu ne mai rai. Idan zafi ya yi masa yawa sai ya zubar da ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. Mafi yawan murjanin Lakshadweep ya mutu a wannan shekara.

Me ya haɗa wannan da jirgin sama? Ai tsibiran kansu murjani ne ya gina su. Yashin da aka shimfiɗa kwaltar Agatti a kansa ɓurɓushin murjani ne, kuma zoben murjanin da ya kewaye tsibirin shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa, kamar katangar gida a lokacin damina. Ƙasar ba ta fi teku tudu da mita kaɗan ba. A cikin wannan zoben ne masunta ke kamo ƙananan kifayen da suke yaudarar kifin tuna da su. Murjanin ya fara farfaɗowa, sai zafi ya sake buge shi a 2010, ya sake a 2016, ya kuma sake a 2024, wato daidai shekarar da ake ta kiran a kawo baƙi.

Saboda haka duk shawarar da aka kawo ta miƙa titin zuwa kan ruwa, ta wajen ɗan tsibirin Kalpitti da ba kowa a kansa, da wannan raunin take cin karo, da kuma batun kunkurun teku da ke rayuwa a wurin. Kafin 1998 ana iya kallon aikin a matsayin lissafin kuɗi da siminti. Bayanta, kowane ginshiƙi da za a kafa zai sauka ne a kan abin da ke jinya.

Ba na raina buƙatar masu neman faɗaɗawa, domin mutanen tsibiran su ma suna cikinsu, kuma dalilinsu ya fi na otal nauyi. Daga kusan tsakiyar Mayu zuwa Satumba teku na hauka, ƙananan jiragen ruwa masu gudu su daina zirga-zirga, ko zuwa Kavaratti babban birni daga Agatti sai ya zama aiki. Mai naƙuda da ta shiga hatsari ko wanda ciwo ya kayar a wani tsibiri, jirgi mai saukar ungulu yake jira ya kai shi asibiti a Kochi. Ɗalibai da 'yan kasuwa kuwa layin tikitin babban jirgin ruwa suke bi, tafiyar da ke cin sa'o'i goma sha huɗu zuwa sama. Jiragen da aka ƙara a 2024 daga Bengaluru da Goa sun sauƙaƙa wa mai shigowa hutu, amma kujerunsu a Agatti suke tsayawa, sauran tsibirai tara kuwa har yanzu ta ruwa ko ta jirgi mai saukar ungulu ake isa gare su.