Wai sai da izinin 'yan sanda ake zanga-zanga? Ga abin da doka ta ce

Duk sanda aka fara ƙishin-ƙishin ɗin zanga-zanga a ƙasar nan tamu Najeriya sai ka ga saƙonni sun cika guruf-guruf na WhatsApp, wani ya yi odiyo da murya irin ta manyan masana yana cewa wai duk wanda ya fito titi ba tare da takardar izinin kwamishinan 'yan sanda ba to ya ci amanar ƙasa, hukuncinsa kisa ne, kuma wai ko goyon baya ka rubuta a Facebook za a bi lambarka a zo har gida a ɗauke ka. Iyaye mata su ji hankalinsu ya tashi, su ma su tura wa wasu. Can ɗaya ɓangaren kuma akwai samarin da ke cewa ai tsarin mulki ya ba mu 'yanci, don haka ba wanda ya isa ya taɓa mu ko me muka yi. Su biyun duk sun kauce, sai dai ƙaryar farko ta fi yaɗuwa kuma ta fi ɓarna, don ita ce ke sa mutum ya ajiye haƙƙinsa da hannunsa tun ba a ƙwace ba.

Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kowane mutum yana da 'yancin taruwa da wasu da kuma shiga ƙungiya don kare muradunsa. Sashe na 39 ya ba ka 'yancin faɗin ra'ayi, na 41 kuma 'yancin zirga-zirga. Kowane mutum aka ce, da ɗan kasuwa da ɗalibi da 'yan fansho da matan unguwar da ba su da ruwa da jam'iyyar adawa duk suna ciki. Babu inda aka ce sai ka nemi izini.

To daga ina maganar izinin ta samo asali? Daga wata doka ce ta 1979 kan tsarin taruka da jerin gwano, wadda sojoji suka yi kafin su miƙa wa Shagari mulki. Ita ce ta ce duk mai son yin taro ko jerin gwano a kan titi sai ya nemi lasisi aƙalla awa 48 kafin lokacin. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ko a cikin wannan dokar gwamna aka ba ikon bayar da lasisin, shi ne zai iya wakilta kwamishinan 'yan sanda idan ya ga dama. Amma a aikace 'yan sanda suka mayar da abin nasu, wanda gwamnati ke so a ba shi, wanda ba ta so a ce akwai rahoton tsaro.

A Kano aka yi abin da ya karya wannan tsarin. Bayan zaɓen 2003 jam'iyyar ANPP ta nemi izinin yin gangami don nuna rashin yarda da sakamakon zaɓen, 'yan sanda suka hana. A watan Satumba na shekarar suka yi taronsu a Kano, Janar Buhari yana wajen tare da mataimakinsa a takarar Chuba Okadigbo, aka watsa musu barkonon tsohuwa da hujjar ba su da izini. Kwanaki kaɗan bayan nan Okadigbo ya rasu, kuma mutane da yawa sun alaƙanta rasuwar da hayaƙin da ya shaƙa. ANPP da wasu jam'iyyu 11 suka kai Sufeto Janar na 'yan sanda ƙara, Femi Falana ne lauyansu. A 2005 Mai shari'a Anwuli Chikere ta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa sharaɗin neman izinin ya saɓa wa tsarin mulki. 'Yan sanda suka ɗaukaka ƙara, a Disamba 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙara tabbatar da hukuncin, Mai shari'a Olufunmilayo Adekeye ce ta karanta, inda ta nuna cewa wannan tsarin ragowar mulkin mallaka ne da bai dace da ƙasar da ke kiran kanta mai dimokuraɗiyya ba, har ta kafa hujja da irin hukuncin da kotun ƙolin Ghana ta yi tun 1993 a ƙarar da jam'iyyar NPP ta kai 'yan sandan can.

Wannan hukuncin yana nan daram. Abin dariya kuma abin takaici, wasu daga cikin waɗanda aka yi wa tiyagas a 2003 suka ruga kotu, su ne da suka hau mulki a 2015 aka riƙa tarwatsa taruka a zamaninsu da wannan hujjar dai ta rashin izini. Kujera dai ba ta da kunya.

Kuma an sake gwadawa. A watan Yuni 2014 kwamishinan 'yan sandan Abuja na lokacin, Joseph Mbu, ya fito ya ce ya haramta zaman da masu fafutukar ceto 'yan matan Chibok suke yi. Hadiza Bala Usman da abokan tafiyarta suka je kotu, kotu ta ce ba shi da wannan ikon. Sannan a 2020 aka yi sabuwar dokar 'yan sanda, a sashe na 83 aka rubuta cewa idan mutum ko ƙungiya suka sanar da 'yan sanda za su yi taro ko gangami ko jerin gwano a wajen da jama'a ke bi, to jami'in da ke kula da yankin zai tanadi ma'aikata su ba su tsaro. Ka ga kenan aiki aka ɗora musu, ba a ba su sandar hani ba.

A nan ne mutane ke rikicewa tsakanin sanarwa da neman izini. Kamar mai biki ne da zai kafa rumfa a layi ya je ya faɗa wa mai unguwa don a san da zaman, ai ba auren ya je neman a yarje masa ba. In ka kai takarda ofishin kwamishina ko na DPO kana gaya musu ne ranar kaza za mu fito daga waje kaza zuwa waje kaza, ku zo ku kare mu daga 'yan daba ku kuma kula da hanya. Ko sun amsa ko sun yi shiru, taronka bai zama haram ba saboda shirunsu. Matsalar dai majalisa har yanzu ba ta zauna ta share tsohuwar dokar daga littafi ba, shi ya sa za ka ji kakakin 'yan sanda ya fito rediyo yana ambatonta da ƙarfin gwiwa kamar kotu ba ta taɓa cewa komai ba.

Yanzu ga sashen da jami'an gwamnati suka fi ƙauna, sashe na 45. Da ka ce ina da 'yanci sai a ce maka ai 'yancin yana da iyaka, je ka karanta 45. Gaskiya ne yana da iyaka. Sashen ya ce za a iya taƙaita waɗannan 'yancin saboda tsaron ƙasa, ko kare lafiyar jama'a daga hatsari, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko kiwon lafiya, ko don kare haƙƙin wasu mutanen. Amma rabin ayar suke karantawa su rufe littafin. Sashen ya gindaya sharaɗi biyu. Na farko, sai dai da doka, wato abin da majalisa ta zartar aka sa hannu, kuma sanarwar da kwamishina ya karanta wa 'yan jarida ba doka ba ce, umarnin da aka bayar ta waya daga sama shi ma ba doka ba ne. Na biyu, ita kanta dokar sai ta kasance wadda hankali zai ɗauka a ƙasar da ake mulkin dimokuraɗiyya, kuma ba gwamnati ce za ta yi wa kanta wannan alƙalancin ba, kotu ce. Ai dokar 1979 ɗin ma doka ce a rubuce, kuma da wannan sashen na 45 lauyoyin 'yan sanda suka nemi kare ta, kotu ta auna ta ce ba ta cika sharaɗin ba. To in doka sukutum ta faɗi wannan jarrabawar, ina ga maganar baki?

Ni a ganina wannan shi ne gishirin tsarin mulkin gaba ɗaya, kai ɗan ƙasa kana iya yin duk abin da doka ba ta hana ka ba, shi kuwa mai riƙe da ofis ba ya iya yin komai sai abin da doka ta ba shi dama. Mu kuma mun juya abin, talaka ne kullum ke neman a nuna masa inda aka halatta masa, ba ya tambayar jami'i ina aka ba ka wannan ikon.

Amma fa kar a ɗauka komai na gwamnati maganar baki ce. Odar kotu daban take. Gab da zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agusta 2024 kotuna sun bayar da oda da ta taƙaita masu zanga-zangar Abuja a filin wasa na MKO Abiola, na Legas kuma aka ce su tsaya a wurare biyu a Ojota da Ketu. Lauyoyi da dama sun soki yadda aka samo waɗannan odoji ba tare da an saurari ɗaya ɓangaren ba, ni ma ban ga adalci a ciki ba, don zanga-zangar da aka kulle a filin ƙwallo wa zai gan ta? Sai dai odar kotu a kotu ake warware ta, in ka take ta ka ba su abin kama ka da shi. Haka dokar hana fita irin wadda aka sa a Kano da wasu jihohin Arewa bayan abubuwa sun rincaɓe, ko kana ganin an wuce gona da iri, wanda ya fita a lokacin shi ya san me zai tarar.

Inda kuwa ake kama mutane da gaske da hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali shi ne lokacin da taro ya sauya kama. Dokar final kod da ake aiki da ita a Arewa ta ce idan mutum biyar ko fiye suka haɗu da manufa ɗaya ta aikata laifi, ko yin amfani da ƙarfi don tsorata hukuma, ko hana jami'i aikinsa da ƙarfi, to wannan haramtaccen taro ne, in aka kai ga amfani da ƙarfin ya zama tarzoma, kuma duka akwai ɗauri. Abin da ya kamata samari su riƙe shi ne taron da ya fara lafiya lau yana iya komawa haramtacce a tsakiyar tafiya. Kun fito da kwalaye kuna tafiya, sai wasu suka fara jifa ko fasa shago ko ƙona taya a ƙofar ofis, in ka ga haka ka ci gaba da binsu da saninka to ana iya lissafa ka a cikinsu ko da ba ka ɗauki ko tsinke ba. Abin da ya faru a Kano ranar 1 ga Agusta 2024 kenan da aka fasa cibiyar hukumar sadarwa ta NCC aka kwashi kaya, daga nan labarin ya tashi daga tsadar shinkafa ya koma na sata, kuma waɗanda suka fito tsakani da Allah su ma ya shafe su. Ɗaukar makami, ko da gora ce da sunan kare kai, shi ma ya fitar da kai daga rigar sashe na 40.

Sai maganar cin amanar ƙasa da ake tsorata mutane da ita. Eh laifi ne da hukuncinsa ya kai kisa, amma ma'anarsa ɗaura yaƙi da ƙasa, ko haɗa baki a yi hakan. Ɗaga kwali an rubuta muna jin yunwa ba yaƙi ba ne, cewa shugaba ya gaza ba yaƙi ba ne. Na san za a ce to ai mun ga yaran da aka kai kotu. Haka ne, ranar 1 ga Nuwamba 2024 an gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, da yawansu ƙananan yara da aka kwaso daga Kano da wasu jihohin Arewa bayan sun shafe kusan wata uku a tsare, aka tuhume su har da cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin naira miliyan 10 kowanne. Duniya ta yi ca, cikin 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya ce a sake su, aka janye ƙarar. Tuhuma daban, hukunci daban, ba wanda kotu ta samu da wannan laifin a cikinsu. Amma wata ukun da suka yi a tsare ba wanda zai dawo musu da shi, kuma wannan ne ainihin abin tsoron, sau da yawa tsarewar ce hukuncin. Shi ya sa ba zan ce wa kowa sanin doka zai hana shi shan tiyagas ba. Waɗanda suka ɗaga tutar Rasha a lokacin zanga-zangar suna kiran soja su karɓi mulki kuwa su suka miƙa wa hukuma igiyar da aka ɗaure kowa da ita, don sashe na 1 na tsarin mulkin ya haramta karɓar mulki ta hanyar da ba shi ya tsara ba.

In an kama mutum, sashe na 35 ya ce yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da yaren da yake ji, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Ba a kama uba ko ƙani a madadin wanda ake nema, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana. Kar ka sa hannu a sitatimen ɗin da ba a karanta maka ba.

Masu shirya taro kuma, ku rubuta takardar a matsayin sanarwa, kar ku rubuta muna neman izini, ku sa rana da lokaci da hanyar da za a bi da sunan waɗanda ke jagoranta, ku ambaci sashe na 40 da sashe na 83 na dokar 'yan sanda, ku kai da wuri. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe, ku ɗauki hotonsa ku tura wa lauyanku tun kafin ranar.