Takardar gwaji ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba

Mutane da yawa idan aka miƙa musu sakamako daga ɗakin gwaje-gwaje, sai su ɗauka magana ta ƙare: in takarda ta ce akwai cuta to akwai, in ta ce babu sai hamdala. Mu ma'aikatan lafiya mun san abin ya wuce haka, kuma haƙƙinku ne ku ma ku sani. Babu gwajin da ba ya kuskure, ko da na'urar sabuwa ce, mai gwajin kuma ƙwararre ne.

Kuskuren iri biyu ne. Wani lokaci cutar tana jiki amma gwaji ya kasa ganinta. Wani lokaci kuma mutum lafiyarsa ƙalau, gwaji ya ɗora masa abin da ba shi da shi. Shi ya sa ake auna ingancin gwaji ta fuska biyu: cikin masu cutar mutum nawa yake kamawa, cikin marasa ita kuma mutum nawa yake wankewa.

Ga wurin da nake so mu ɗan tsaya, domin ko cikinmu ma'aikata akwai waɗanda lissafin yake ruɗawa. Mu ƙaddara akwai gwajin da ke faɗin gaskiya sau 99 cikin 100, ga mai cuta da marar cuta. Aka gwada mutum 1,000 da ba su da wani ƙorafi, kuma 10 ne kawai cikinsu ke da cutar. Gwajin zai kama kusan duka goman nan. To amma cikin lafiyayyu 990, zai yi wa kusan 10 ƙage. Ke nan an samu kusan mutum 20 da takarda ta ce suna da cuta, rabinsu kuwa ba su da komai. Yanzu a kai wannan gwajin asibiti, a yi wa mutum 1,000 da suka zo da alamomin cutar, waɗanda 300 cikinsu suna da ita. Zai kama kusan 297, ya yi wa 7 kacal ƙage. Gwajin bai canza ba, waɗanda aka gwada ne suka canza. Saboda haka tambayoyin da likita ke jero maka kafin ya rubuta gwaji ba ɓata lokaci ba ne, da su zai karanta sakamakon.

Gwajin Widal na taifod shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Tun 1896 ake amfani da shi, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin da garkuwar jiki ta mayar yake aunawa. Wanda ya taɓa yin taifod ya warke, ko aka yi masa rigakafinta, ko yake fama da wani zazzaɓi dabam kamar maleriya, duk gwajin zai iya nuna masa taifod. Sai a ɗora mutum kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta alhali ainihin ciwon yana can yana cin sa, ƙwayoyin cuta kuma suna ƙara bijire wa magani. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a ɗebi jini a raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji har ta fito.

Gwajin maleriya na gaggawa, wanda ake ɗiga jinin yatsa, yana da amfani ƙwarai, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada kafin a ba da magani. Sai dai nau'in da aka fi amfani da shi yakan ci gaba da nuna maleriya har makonni bayan an warke. Wanda zazzaɓi ya dawo masa mako biyu bayan ya gama shan magani, lallai ya faɗa wa likita, don a duba jininsa ta madubin likita kuma a binciki wani dalilin.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Gwajin ƙanjamau na gaggawa zai iya nuna babu ga wanda bai daɗe da kamuwa ba, domin jiki yakan ɗauki har wata 3 kafin alamar da ake nema ta bayyana. In kuma ya nuna akwai, ba a tsayawa kan gwaji ɗaya. Tun 2019 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sai gwaji uku daban-daban sun nuna a jere kafin a tabbatar wa mutum. Haka ma gwajin juna biyu da aka yi da wuri, da awon hawan jini ga wanda gabansa ke faɗuwa a gaban likita, duk za su iya ba da sakamakon da ba daidai ba.

Akwai kuma lambobin da ake rubutawa a gefen sakamako a matsayin iyakar lafiya. Galibi an tsara su ne su ɗauki kashi 95 cikin 100 na lafiyayyu, wato lafiyayye 1 cikin 20 zai ɗan fita daga layi ba tare da wani ciwo ba. Kada lamba ɗaya da ta ɗan haura ta hana ka barci kafin ka ga likita.

Roƙona gare ku, idan aka ba ku sakamako ku mayar wa wanda ya rubuta gwajin, kada ku wuce kai tsaye sayen magani. Ku tambaye shi ko sakamakon ya dace da abin da kuke ji a jiki, ko akwai buƙatar maimaitawa, kuma yaushe. In takarda ta ce babu amma ciwo yana ƙaruwa, ku koma. Kafin a ɗebi jini kuwa, ku faɗi duk maganin da kuka sha a kwanakin nan, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sha tun a gida yakan hana ƙwayar taifod fitowa a gwajin rainon jini, alhali tana nan a jiki.