An rubuta kada a sa a firiza, to in na sa fa?

Tambayoyin nan iri ɗaya ne ake ta maimaita min, yau a kan mayonis, gobe a kan kifi. Ga amsoshin na tara wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake turo wata.

In na sa a firiza abin da aka rubuta kada a sa, zai zama guba?

A'a. Sanyi ba ya haifar da guba. Ki kwantar da hankalinki, Hajiya.

To me ya sa kamfani ya rubuta?

Galibi saboda kamanni da ɗanɗano ne. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ƙanƙarar ta yayyaga abincin daga ciki, in ya narke sai ya saki ruwa ya lanƙwame. Kamfani ba ya son a dawo masa da ƙorafi, shi ya sa yake wanke kansa tun a jikin leda. Wani lokaci kuma mazubin ne ba zai jure ba. Wani lokaci an riga an taɓa daskarar da abin aka narkar kafin ya iso shago, kuma wannan ne yake buƙatar nutsuwa.

Magani fa, shi ma haka ne?

Ko kusa! Duk abin da nake faɗi a nan abinci ne kawai. Insulin ɗin masu ciwon sukari in ya daskare ya lalace, ko da ya narke ya koma kamar lafiyarsa ƙalau. Haka yawancin alluran rigakafi da ake ajiyewa a firji. Raina yana ɓaci in na ji an jefa maganin tsoho cikin firiza wai don kada zafi ya ɓata shi. Abin da aka rubuta a jikin magani a bi shi yadda yake, in an rikice a tambayi mai kantin magani ko likita.

Mayonis da yogot?

Mayonis zai tsinke, mai ya ware gefe guda. Ba zai cutar da kowa ba, amma ba za ki yarda ki kai wa baƙo ba. Yogot zai tsattsage ya fitar da ruwa. In shansa za a yi da ƙanƙararsa ko a dama fura da shi, babu laifi.

Lemon kwalba, gwangwani da ɗanyen ƙwai?

Kada ki sa. Kwalba za ta fashe, gwangwani ya kumbura bakinsa ya saki, ɓawon ƙwai ya tsage. In tumatir ɗin gwangwani ne ya rage, juye shi a roba mai murfi, ki bar ɗan sarari a sama.

Ai firiza tana kashe ƙwayoyin cuta ko?

Ba ta kashewa. A ma'aunin sanyi 18 ƙasa da sifili, wanda shi ne daidai ga firiza, ƙwayoyin suna tsayawa ne kawai. Da abincin ya narke za su ci gaba da hayayyafa daga inda suka tsaya. Wanda ya sa abinci mai shirin lalacewa a firiza, mai shirin lalacewa zai ciro.

Na sayo kifi ko kaza da aka taɓa daskararwa, ko kuma an ɗauke wuta kayan firizata sun narke. Zan iya mayarwa?

A nan ba zan ba ki e ko a'a kai tsaye ba, domin amsar ta rataya ne a kan tsawon lokacin da abin ya yi cikin ɗumi, kuma sau da yawa ba a gabanki aka yi ba.

Hukumomin waje ma ba su yi magana da baki ɗaya ba. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce naman da ya narke a cikin firji ana iya mayar da shi firiza, inganci ne kawai zai ragu. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Birtaniya kuwa ta fi son a dafa shi tukuna, sannan a daskarar da dafaffen. Dukansu suna magana ne da mutanen da wutarsu ba ta yankewa. Kifin da ke kasuwanninmu ya fito daga ɗakin sanyi, ya hau Keke Napep, ya zauna kan tebur, a watan Afrilu da zafi ke haura 40 a Kano ko Sakkwato. Da yamma abin da bai ƙare ba wataƙila a mayar da shi sanyi, gobe a sake fito da shi. Saboda haka ni na fi karkata ga dafawa a ranar, a bari ya huce, a rarraba kaɗan-kaɗan a sa a firiza.

In kuwa a gidanki ne wuta ta tafi, abu na farko shi ne a daina buɗe murfi, a hana yara ma. Firizar da ke cike maƙil takan riƙe sanyi kamar awa 48, mai rabi kamar awa 24, amma a ɗakin girki mai zafi da tsohuwar robar murfi kada ki dogara da lissafin nan gaba ɗaya. Taɓa ki ji. In har akwai sauran ƙanƙara a jikinsa, tsakiyar da tauri, ana iya mayarwa. In ya narke sarai amma da sanyinsa kamar na firji, dafa shi yanzu. In ya yi ɗumi, jini ya kwanta a ƙasan leda, kuma ba ki da tabbacin tun yaushe, zubar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa tsakanin ma'aunin zafi 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa da sauri, har ta ce dafaffen abinci ma kada ya wuce awa 2 a waje.

Na san zubar da kaza a tsadar nan ba wasa ba ne. Amma kada a ce min ai za a soya sosai. Kifi irin su titus da sadin in suka sha ɗumi suna tara wani sinadari mai suna histamin, wanda suya ko tafasa ba sa kawar da shi. In an ci, sai fuska ta yi ja, jiki ya hau ƙaiƙayi, kai ya sara, wani lokaci cikin mintuna. Hanci ma ba koyaushe yake ganewa ba. In akwai mai juna biyu a gidan, ko jariri, ko tsoho, ko marar lafiya, to a tsananta fiye da duk abin da na faɗa.

Kwanan watan da ke jiki ya wuce, firiza za ta cece shi?

A'a. Ana sa abu a firiza kafin ranar ta cika, ba bayanta ba. Ki rubuta ranar da kika sa a jikin ledar.

Yaya ake narkarwa?

A cikin firji, ko cikin ruwan sanyi da ake sauyawa, a ɗaure a leda. Ba a rana ba, ba kuma a bar shi ya kwana a kan tebur ba. Wanda ya narke a firji a dafa cikin yini guda, wanda ya narke a ruwa kuwa a dafa nan take.

Kokwamba da latas?

Za su koma ruwa. A ci su ɗanye a gama.

Burodi fa?

Sa abinki. Ki yayyanka shi tukuna, don ki riƙa ciro iya wanda za a ci.